Wa Zai Rubuta Mana Ɓarawon Zaune?

Adabinmu ya daɗe da sanin ɓarawo. Mun yi dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke damfarar juna a Ruwan Bagaja, mun kuma saurari Gambo mai waƙar ɓarayi yana wasa masu haura katanga kamar wasu jarumai. Wannan ɓarawon yana da fuska da laƙabi, in an kama shi ya sha duka. Mun san inda za mu ajiye shi a zukatanmu: mu la'ance shi, wani lokaci kuma mu tausaya masa in yunwa ce ta kai shi.

Wanda alƙalumanmu suka kasa kamawa shi ne ɓarawon zaune, mai sata da biro da hatimi. Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓa shi a Turmin Danya a 1982, inda ya nuna yadda fasa-ƙwauri ke tafiya da toshiyar baki. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma kaɗan ne suka ɗora daga inda ya tsaya. A yawancin littattafan da muke karantawa a waya, mugun attajiri mashayi ne mai jajayen idanu, yana da boka, kuma kafin shafin ƙarshe ko dai ya yi hatsarin mota ko ya tuba yana kuka. Mai karatu ya rufe littafi da sanyin zuciya, ya ce alhaki kwikwiyo ne.

To, a duba yadda abin yake a zahiri. A Janairun 2013 wata babbar kotu a Abuja ta samu John Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, da laifi bayan ya amsa cewa yana da hannu a karkatar da biliyoyin naira. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ne ko tarar naira 750,000. Ya biya, ya koma gida. Sai da jama'a suka yi ca aka dakatar da alƙalin na shekara guda, kuma sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Babu boka a wannan labari. Akwai dai tsohon kurtu da ke jiran haƙƙinsa, da wani sashe na doka da aka zaɓa a tuhumi mutum da shi aka bar wani.

A nan Kano ma muna da namu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabinsu aka ba su sabon maganin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfani ya ce cutar ce ta yi kisan, kuma ya bi ƙa'ida. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfani ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalan farko suka karɓi diyya bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara goma sha biyar. Yaron da aka goya zuwa asibiti a lokacin, in ya rayu, ya zama saurayi.

Me ya sa irin wannan ke yi wa marubucinmu wuya? Muna ganin don laifin ya rarrabu ne. Wani ya sa hannu, wani ya buga hatimi, lauya ya nemi a ɗage zama, magatakarda ya ce fayil ya ɓata. Kowanensu na iya zama mutumin kirki a unguwarsu, mai zumunci, mai taimakon maƙwabta. Kamfani kuwa ba shi da wuyan da za a sa wa igiya. Marubucin da ya saba da mugu guda ɗaya sai ya rasa wanda zai tsana, sai ya koma ga kishiya da uwar miji.

Illar ba ƙarama ba ce. Labarin da kullum ke hukunta azzalumi da hatsarin mota yana koya mana jira. Mai karatu ya tashi bai san mece ce belin da ake sayarwa ba, bai san yadda ɗage shari'a sau goma ke cinye gonar mai ƙara ba, abin da ya rage masa sai Allah ya isa.

Muna roƙon marubutanmu su je kotu su zauna a bencin baya na mako guda, su saurari yadda ake kiran ƙara a ɗage ta cikin minti biyu. Su ba mu alƙalin da ke da 'ya'ya a makaranta da bashin gida, su nuna mana ranar da ya fara karɓa, da abin da ya gaya wa kansa a daren. In mun gan shi a haka, za mu tsorata fiye da yadda mai jajayen idanu ke tsorata mu, domin zai yi kama da wani da muka sani.