Jiki Magayi da Masu Yi Masa Kallon Ɗan Kishiya

Duk wanda ya saba duba tarin tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi a Katsina ya san Ruwan Bagaja ba ya kwana. Jiki Magayi kuwa sai ka tono shi daga ƙarƙashi, bugun NNPC, bango ya rabu, an ɗinke shi da zare, wani ɗalibi ya cika gefen shafuka da jan biro. Masu nazari ma haka suka yi masa. Wai rabinsa na Bature ne, tunda Rupert East ya sa hannu tare da John Tafida. Wannan magana ba ta da ƙafa. Wane littafi ne na zamanin gasar rubutu ta 1933 bai bi ta hannun East a Zariya ba? Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara, da muke alfahari sun yi rubutunsu a nan Katsina, teburin nan ɗaya suka bi.

Gwanintar Jiki Magayi tana wajen da ya ajiye zafin rabuwa. Malam Shehu mai dukiya ya aure Zainab, ya bar saurayinta Abubakar da cizon yatsa. Da marubucin yau ne, da an cika babi goma da kuka da wasiƙu. Nan kuwa an taƙaita, aka tura Abubakar yawon neman asiri, shekaru na wucewa cikin 'yan layuka, yana shan wuya yana ƙara ƙeƙashewa. Da ya dawo bai taɓa Shehu ba, bai taɓa Zainab ba. Ɗansu Kyauta ya nufa, yaron da aka daɗe ana nema. A nan ne gashin jikina ke tashi duk karatu. Yaro ya tashi ɓarawo, ya jawo wa gidansu kunya, har hannunsa ya kai ga ran ubansa bai sani ba. Zainab, wadda aka yi duk wannan dominta, ba a ba ta bakin kare kanta sosai ba, tana gani ana cin ɗanta da ransa. Wasu na cewa gazawa ce. Ni a wurina haka mace take a gidan da kuɗi suka yi mata miji, kuma marubutan sun san da haka.

Shi ya sa ban yarda da masu fara tarihin littattafan soyayya daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 ba, balle daga adabin kasuwar Kano. Auren kuɗi, iyaye masu kwaɗayi, saurayi talaka da aka yi wa ƙafar ungulu, duk Jiki Magayi ya riga su da fiye da shekara 40. Ya kamata malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su riƙa fara darasin soyayya da shi, kafin a kai ga Balaraba Ramat Yakubu.