Girgije Da Ciyawa, Zanensu Ɗaya

Duk yaron da ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi a shekarun 1990 zuwa farkon 2000, ya kuma taɓa tsugunawa gaban talabijin yana jiran wanda ke riƙe da gem ya mutu a miƙo masa, ya san kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka buga wa lamba 9999 a goshi, wai adadin wasannin da ke ciki ke nan. Ƙarya ce tsagwaronta. Wasanni 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a sauya musu suna ko a fara da kai daga wani mataki. Na'urar ma jabu ce, kwaikwayon Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983 da wasanni uku kacal: Donkey Kong, Donkey Kong Jr. da Popeye. Wasannin da ke cikin kaset ɗin kuwa, aikin gwanaye ne na haƙiƙa.

Gwanintarsu ta tattali ce. Ɗauki Super Mario Bros. na 1985, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara. Matakai 32, da kiɗa, da dodanni, da ƙarƙashin ruwa, duk an cusa su cikin kilobayit 40. Hoton biki guda da ake turo maka a WhatsApp sau da yawa ya fi shi nauyi.

Ta yaya? In ka sake samun wasan, ƙura wa girgijen sama ido, sannan ka dubi ciyawar da ke ƙasa. Zane ɗaya ne, an shafa wa wannan fari, wancan kore. Ɗan dodon nan mai kama da naman kaza da ake takewa, tafiyarsa hoto ɗaya ce ake juyawa hagu da dama, ido ya ɗauka ƙafafu yake ɗagawa. Matakan ma ba a adana su a matsayin hoto ba, umarni ne gajeru: sa bututu nan, jera bulo can, bar rami a gaba. Aikin tsohon tela ke nan, wanda zai fitar maka da riga da wando a yadin da wani zai rantse riga ma ba ta isa.

Shi kansa Mario ƙarancin wuri ne ya yi masa kama. Tun a Donkey Kong na 1981 ɗigon zanen bai isa a fitar da baki da suma ba, sai aka manna masa gashin baki, aka kifa masa hula. Koji Kondo kuma da muryoyi uku da wata ƙara mai kama da shiii ya haɗa kiɗan da har yau magidanta masu furfura ke fito da shi ba tare da sun lura ba.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne harbin agwagwa, Duck Hunt na 1984. Yara sun yi imani bindigar wasan ce ke harba wani abu cikin talabijin. Ina! Ido ne a bakinta. Kana jan kunama, allon zai yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sai farin akwati ya bayyana daidai inda agwagwar take. In bindigar ta ga hasken, ka samu. In ba ta gani ba har agwagwar ta tsere, karen nan marar kunya ya leƙo daga ciyawa yana yi maka dariya. Shi ya sa masu wayo suke liƙa bakin bindiga jikin gilashi, sauran yara na ihu an yi maguɗi. Dabarar ta dogara ne da saurin tsohuwar talabijin mai doro. A shafaffen allo na yanzu hoton yakan ɗan makara, sai ka yi ta harbi agwagwa na wucewa abinta.