Nazari a Kan Al'adar Lura da Tsuntsaye a Ƙasar Damagaram

Daga cikin ilmukan da Damagarawa suka gada kaka da kakanni, waɗanda ba a rubuta su a allo ba, ba a kuma biya su a zauren malami, akwai ilmin lura da tsuntsaye da sauran ƙananan halittun da ke zaune tare da ɗan Adam a cikin gida da bayan gida. Kuma ko da yake ma'abotansa ba su ɗauke shi fanni ba, duk wanda ya zauna da su zai tarar yana da lokacinsa, da ƙa'idojinsa, da shaihunnansa, wato manoma da makiyaya da maharba da tsofaffin matan da ke yini a tsakar gida.

Lokacinsa bazara ne. Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da duwatsun Birni ke ɗaukar zafi har dare ya raba ba su huce ba, rijiyoyi kuma suka ja baya, a lokacin ne tsuntsaye ke sauya masauki: agwagin ruwa da sauran baƙin da suka gudo wa sanyin Turai, suka ci rani a tafkunan Gidimuni da Lasuri, sai su ɗaura niyyar ƙetare Sahara su koma gida, na kudu kuwa su biyo iskar damina su danno arewa.

Shugabar masu zuwa ita ce shamuwa. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, wadda fuskarta kan yi shuɗi a lokacin ƙwai, gwiwoyinta da yatsunta kuma ja. Tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, bayan ta ƙetare tsakiyar duniya, sa'an nan ta iso ƙasar nan wajen Afrilu ko Mayu, ba ta kuwa nufi daji ba, sai tsakiyar gari, inda za ta tara ƙirare a kan tsamiya ko kuka, wani lokaci ma a kan jinkar rumbu, ta yi sheƙa. A ƙauyukan Mirya da Matamai da Magarya, ranar da aka wayi gari aka gan ta tsaye a kan bishiyar da ta bari bara, maigida zai tuna da irin da ya ajiye, a kai hauya da kwasa maƙera, a shiga sharar gona. Malamai suna da hisabinsu na taurari, manomi kuma yana da shamuwarsa, sau da yawa lissafin biyu kan zo kusa da juna. Ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya kuskura ya ɗaga mata danƙo kuwa zai sha faɗa daga kowane babba, ko da ba ubansa ba ne. Wannan alfarma tana da hujja, domin abincinta fara ne da tsutsa, waɗanda su ne abokan gaban gero.

Bayan amfani akwai nishaɗi, kuma ba ya bukatar tafiya ko kuɗi. Matar da ta zuba ruwa a kasko ta ajiye a inuwar darbejiya da nufin sadaka, bisa karantarwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa akwai lada a shayar da kowane mai rai, ta buɗe wa 'ya'yanta makaranta ba tare da ta sani ba. Kurciya za ta sauko tana ɗari-ɗari, ta tsoma baki ta zuƙa ba ta ɗaga kai ba, saɓanin tsada da ke kurɓa tana ɗaga kai sama. Jan gwada zai gangaro daga katanga yana gyaɗa kai, launinsa ya ƙara kauri saboda lokacin barbara ya zo. Da ruwan fari ya sauka, shinge ya tashi, kwaɗi suka fara kuka, sai namijin marai ya yi sabon gashi rawaya da baƙin kai, ya tsago ganye siriri ya ɗaura a reshe, ya saƙa zobe, ya gina ɗaki a kansa ƙofa na kallon ƙasa, sa'an nan ya rataye yana kaɗa fukafukai har macen ta zo ta duba aikin. In bai gamshe ta ba ya sake wani. Mai hankali ba zai ga wannan ba face ya yi tafakkuri, domin Alƙur'ani mai girma ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, ya kuma ba mu labarin alhudahuda a fadar Annabi Sulaimanu, da hankakan da ya koya wa ɗan Adam binne gawa.

Sai dai wajibi ne mai nazari ya rarrabe tsakanin alama da camfi, gama a nan ne al'adar take da rauni. Alama ita ce abin da ido ya gani shekara da shekaru har ya tabbata sunna ce daga sunnonin Allah a cikin halittarsa. Camfi kuwa shi ne jingina wa tsuntsu alheri ko sharri, abin da shari'a ta hana. Wani lokaci su biyun kan cakuɗe a magana ɗaya. Kirarin da ake yi wa hankaka, mai da ɗan wani naka, ya samo tushe daga gani na haƙiƙa, domin akwai tsuntsun da kan saka ƙwansa a sheƙarsa ya bar masa wahalar reno. Amma cewa hankaka ba ya yin ƙwai ƙari ne na baki. Mafi muni shi ne camfin da ke kai ga kisa: mujiya, wadda ke rage mana ɓerayen rumbu, ana jifanta don an ce kukanta mutuwa ne, ungulu kuwa, da ke tsabtace mahauta kyauta, ana farautar kanta don tsubbu, har ta kai a shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Damagaram ta riga ta ɗanɗana irin wannan hasara. Jiminar da ayarin fatake ke ɗaukar gashinta daga Zango zuwa Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun ta ƙare a dajin Nijar, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a Kelle ta ƙasar Gure. Amma ƙasar ta kuma nuna cewa gyara mai yiwuwa ne, tun da manomanta, bayan farin shekarun 1970 da 1980, suka riƙa barin tohon gawo ya girma a gonaki har miliyoyin itatuwa suka dawo, tsuntsu kuwa inda itace yake nan yake sauka.

Saboda haka kiranmu ga malaman makarantun allo da na boko shi ne su riƙa tura almajiransu wajen tsofaffi, su tambayo sunayen tsuntsaye da lokutan zuwansu, su rubuta da ajami ko da boko, kowane gari kuma ya ajiye tarihin ranar da shamuwa ta sauka da ranar da aka yi shuka. Ga limamai kuma, su faɗakar a kan mumbari cewa kashe halitta saboda camfi zalunci ne. Kai kuma mai karatu, kada bazarar bana ta wuce ba ka ajiye kaskon ruwa a gidanka ba.