Kalmar Gamut da Kalmar Iyaka

Turawan Ingila suna da wata kalma, gamut, wadda suke nufin faɗin abu duka da ita, tun daga farkonsa har ƙarshensa. Asalinta daga waƙa ne. A ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Gido na Arezzo, ya tsara muryoyin waƙa hawa-hawa kamar tsani. Muryar da ta fi ƙasa ana rubuta ta da harafin Girkanci, gamma, ana kuwa rera ta da ut. Aka haɗa su aka ce gamma-ut. Da tafiya ta yi tafiya, sunan matakin farko ya zama sunan tsanin duka, daga nan kuma ya zama sunan faɗin kowane abu.

To, in za a juya gamut da Hausa, kalmar da ta dace ita ce iyaka. Mai gardama zai ce iyaka ai bakin abu ce kurum, wurin da ya ƙare. Wannan magana tana da rauni. In Bahaushe ya ce ruwa ya kai iya gwiwa, yana nufin tun daga ƙafa har gwiwa ruwa ne. In ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, watau ya yi shi duka, bai rage kome ba. Ashe kalmomin biyu hanya ɗaya suka bi: sunan gefe ya zama sunan abin da gefen ya ƙunsa.

Mutanen Daura sun fi kowa sanin haka. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka shata iyaka a arewacin ƙasarsu, suka kakkafa alamu. Mai zuwa Damagaram ta Kwangwalam a nan zai tsaya a duba shi, gama nan ne kan iyaka. Amma in Badauri ya ce ya gayyaci iyakar danginsa biki, har da na Matamaye da Magarya yake nufi, waɗanda layin ya bari a ƙasar Nijar.

Saboda haka wanda ya koyi karatu ya lura. In ya bar takardun hukuma suka taƙaita masa iyaka ta zama shinge kaɗai, ya yar da rabin ma'anarta, rabin nan kuwa shi ne mai riƙe da zumunci.