Zobe Biyu Sun Isa? Nazari Kan Yadda Ake Zaɓen Gwarazan Kwatabak a Amurka

A garin Canton da ke jihar Ohio aka kafa a 1920 ƙungiyar da daga baya ta zama gasar NFL, a nan ne kuma aka buɗe Zauren Gwaraza na ƙwallon ƙafar Amurka a 1963. Duk wanda aka shigar a zauren ana ba shi kwat mai ruwan zinare, a sassaƙa siffar kansa da tagulla a ajiye. Sai ɗan wasa ya cika kaka biyar da yin ritaya kafin a duba batunsa, kuma kwamitin mutum kusan 50, akasarinsu 'yan jarida, shi ke jefa ƙuri'a. Kowace shekara akan yi gardama kan wanda ya shiga da wanda aka bari a waje, amma gardamar ta fi zafi idan aka zo kan kwatabak.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san wasan. Wasan ya fi kama da zari-ruga fiye da tamaula. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, masu kai hari kuma suna da dama huɗu su ci gaba yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kwatabak shi ne jagoran harin. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kusan kowace dama, ya karanta tsayuwar masu tsaro, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku yayin da ƙarti ke rugowa kansa. Wannan ya sa 'yan kallo suka saba lissafa nasarar kulob da sunansa, har ake cewa wane yana da zobe kaza, wato zoben da ake bai wa waɗanda suka ci kofin Super Bowl. A ganina wannan al'adar ƙirgen zobe ta gurɓata hukunci, kuma tara alƙaluma da ake kawowa a madadinta bai fi ta adalci ba.

Mu fara da zoben. Dan Marino ya yi wa Miami Dolphins wasa daga 1983 zuwa 1999. A kakarsa ta biyu, 1984, ya yi jifar yadi 5,084 da jifar ci 48, abin da ba a taɓa gani ba, kuma tarihin yadin nan ya tsaya har 2011. Sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, San Francisco 49ers ta Joe Montana ta doke su 38 da 16 a Janairun 1985. Bai sake komawa ba. Trent Dilfer kuwa ya ci kofin da Baltimore Ravens a kakar 2000, bisa ƙarfin masu tsaron da maki 165 kacal aka ci su a wasa 16. Kulob ɗin bai ma sabunta kwantiraginsa ba bayan nasarar. Babu mai hankalin da zai fifita Dilfer a kan Marino, kuma kwamitin ya shigar da Marino a 2005, karon farko da ya cancanta. Jim Kelly na Buffalo Bills ya je wasan ƙarshe sau huɗu a jere bai ci ko ɗaya ba. A na farkon an doke su 20 da 19, bayan bugun abokin wasansa Scott Norwood daga yadi 47 ya kauce a daƙiƙun ƙarshe. Kelly yana gefen fili a lokacin. Da ƙwallon ta shiga, da yana da zobe, ba tare da ya ƙara ko rage komai a gwanintarsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kulob na NFL mutum 53 ne, kusan rabin wasa ma kwatabak a benci yake.

Inda batun ya fi wuya shi ne kan Eli Manning. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2004, San Diego Chargers ta ɗauke shi a matsayi na farko, New York Giants ta ɗauki Philip Rivers a na huɗu, sannan aka yi musaya. Tun ranar ake auna su da juna. Manning ya ci kofi biyu, duka a kan New England Patriots ta Tom Brady. A Fabrairun 2008 Patriots ta zo da nasara 18 a jere, aka kayar da ita 17 da 14, bayan Manning ya kuɓuce daga hannun masu tsaro ya yi jifar da abokin wasansa David Tyree ya maƙale a jikin hular kwanonsa. A Fabrairun 2012 aka maimaita da ci 21 da 17. Duka biyun shi aka zaɓa gwarzon wasa. Ya kuma fara wasa 210 a jere ba fashi, a wasan da karaya da targaɗe suka zama ruwan dare.

Sai dai a duba sauran shafukan. Wasannin kaka da ya fara, 117 ya ci, 117 aka ci shi. Abokan hamayya sun cafke jifarsa sau 244, kuma sau uku yana kan gaba a gasar wajen wannan asara. Ba a taɓa sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan shekara na All-Pro ba. Nasarorinsa takwas a zagayen sili-ɗaya-ƙwale duk a kakar 2007 da 2011 suke, sauran kaka huɗu da ya kai can tun wasan farko aka fitar da shi. Ko a daren 2008, masu tsaron Giants ne suka tsayar da kulob ɗin da ya ci maki 589 a kaka a kan maki 14, suka kayar da Brady sau biyar. Da sunansa ya zo gaban kwamiti a 2025 ba a zaɓe shi ba, kuma ina ganin kwamitin ya yi daidai da bai yi gaggawa ba. Jim Plunkett ma yana da zobe biyu da Raiders, yana waje.

Masu goyon bayan Rivers sukan ɗauko alƙaluma. Zuwa ƙarshen kakar 2020 yana da yadi 63,440 da jifar ci 421, sama da Marino mai 61,361 da 420. A nan ne ma'auni na biyu ke yaudara, domin zamani riga ne. A 1978 aka taƙaita taɓa mai karɓar ƙwallo bayan yadi biyar, aka sassauta wa masu kare kwatabak amfani da hannu, aka kuma ƙara wasannin kaka daga 14 zuwa 16. A 2004 aka tsananta aiki da dokar taɓawar, a 2021 wasanni suka zama 17. Yadi 5,000 da Marino kaɗai ya kai a zamaninsa, mutum uku suka kai shi a kakar 2011. Rivers gwani ne mai juriya, har ya buga wasan kusa da ƙarshe a Janairun 2008 da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa. Amma a zamanin Brady da Peyton Manning da Drew Brees da Aaron Rodgers, da wuya a nuna kakar da aka yarda shi ne na ɗaya. Tsawon rai a fili ya tara masa lissafi, fifiko kuwa wani abu ne daban.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: shekara nawa mutumin nan ya yi yana cikin biyu ko ukun da suka fi kowa a matsayinsa, a idon waɗanda suka kara da shi? Da wannan ma'auni ake gane shigar Kurt Warner a 2017. Yadinsa bai kai 33,000 ba, ya makara wajen samun dama har ya yi aikin jera kaya a kanti, amma sau biyu yana gwarzon gasar baki ɗaya, a 1999 da 2001. Da shi ne kuma ake fahimtar Joe Namath, wanda magoya bayan Eli Manning ke yawan kafa hujja da shi. Gaskiya ne jifarsa da aka cafke, 220, ta fi jifar cinsa, 173. Amma a 1967 shi ne mutum na farko da ya haye yadi 4,000, cikin wasa 14, ƙarƙashin tsofaffin dokoki masu tsauri. Nasarar kulob ɗinsa, New York Jets, a kan Baltimore Colts a Janairun 1969 ta zo ne a kan fifikon da aka riga aka shaida.

Akwai kuma abin da alƙaluman NFL ba sa nunawa. Warren Moon bai samu kulob da ya zaɓe shi ba a 1978, lokacin da ake ɗari-ɗari da bai wa baƙar fata wannan matsayi. Ya tafi Kanada ya ci kofin Grey sau biyar a jere da Edmonton, ya dawo a 1984 ya yi fice. A 2006 ya zama kwatabak baƙar fata na farko a zauren. Wanda ya ƙirga zoben Super Bowl kawai zai ce ba shi da komai.

Zobe na da muhimmanci, kuma iya natsuwa a babban dare ɓangare ne na gwaninta. Brady da ke da bakwai ya haɗa su da shekaru fiye da 20 na fifiko, shi ya sa babu gardama a kansa. Matsalar na tasowa ne idan dare biyu suka rinjayi kaka 16. Ginin Canton yana da gidan tarihi inda ake ajiye riguna da ƙwallaye da hotunan manyan ranaku, kuma abin da Eli Manning ya yi a 2008 da 2012 ya cancanci wuri mai faɗi a can. Ɗakin tagulla kuwa hukunci ne kan rayuwar wasa baki ɗaya. Idan kwamiti ya bar ƙirgen zobe ko tulin yadi ya yanke masa wannan hukunci, zai zalunci irin su Marino da za su zo nan gaba, waɗanda suka fi kowa a zamaninsu amma ba su dace da abokan aiki ba.