Kyamara Ba Ta Motsi Sai da Hujja

Duk wanda ya lazimci kallon finafinan da ɗalibai ke gabatarwa a ƙarshen karatunsu a 'yan shekarun nan, lalle ya lura da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato a buɗe labari da hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauka yana shawagi bisa rufin gidaje, daga nan a ɗora kyamara kan gimbal, mariƙin da ke hana ta girgiza, ta yi ta kewaya mutum biyu masu zance, har mai kallo ya rasa fuskar da zai sa wa ido. Ni kam ba na ƙyamar waɗannan na'urori, hasali ma ina gode wa Allah da suka yi arahar da ɗan talaka zai iya hayarsu. Abin da ke damuna shi ne an fifita kayan aiki a kan manufa, ana biyan kuɗin haya tun ba a san abin da za a faɗa da su ba.

A fahimtata, tsayuwa ita ce asali ga kyamara, motsi kuwa sai da dalili, ko dai don a bi mutum inda ya nufa, ko a bayyana abin da yake ɓoye a gefe, ko a kusanci fuska a daidai lokacin da zuciya ta sauya. Yasujiro Ozu na ƙasar Japan, a fim ɗinsa Tokyo Story na 1953, ya ajiye kyamararsa ƙasa-ƙasa, kusan tsayin wanda ke zaune a tabarma, da ƙyar ta gusa har fim ya ƙare, amma baƙin cikin wasu tsofaffi biyu da 'ya'yansu suka shagala suka bar su ya isa zukatan jama'a a ko'ina. Shi kuwa Orson Welles, da ya buɗe Touch of Evil a 1958 da ɗauka guda ta fiye da minti uku ba yankewa, yana da hujja ƙwaƙƙwara: an dasa bam a mota a gaban idonmu, saboda haka muddin kyamara na biye da motar nan, hankalinmu ba zai kwanta ba.

Akwai kuma hisabin da ɗalibi ba ya cika yi sai ranar ɗauka, alhali lokacin an makara. Kowane motsi yana cin lokaci, domin sai an sake daidaita gimbal duk sa'ad da aka canja gilashin kyamara, sai an nemo inda za a ɓoye fitilu tun da ido zai zagaya ɗakin, sai mai riƙe sandar makirfo ya san inda zai taka ba tare da inuwarsa ta faɗa bango ba, ga kuma kugin jirgin nan marar matuƙi wanda ba a iya naɗar magana a ƙarƙashinsa. Da haka rana take faɗuwa, 'yan wasa su gaji, a ƙarasa mafi muhimmancin fitowa cikin gaggawa. Sauti mai tsabta da haske isasshe su ne farilla a wannan sana'a, shawagin kyamara nafila ne, kuma kowane almajiri ya san hukuncin wanda ya saki farilla ya kama nafila.

Ina nasiha ga ɗalibi ya fara da takarda da alƙalami: ya jera hotunan da zai ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya zana taswirar wurin, ya je da ƙafarsa ya auna faɗin soro da tsakar gida a daidai sa'ar da zai yi aiki, sannan a gaban kowane motsi ya rubuta dalilinsa a jimla guda. Wanda ya gagara samun jimla, a soke shi, a kafa kyamara bisa mariƙinta mai ƙafa uku. Wanda ya tsira kuwa, ba lalle ne ya buƙaci tsada ba, gama Jean-Luc Godard, a fim ɗinsa na farko mai tsawo da ya fito a 1960, keken guragu ya zaunar da mai ɗaukar hotonsa Raoul Coutard a ciki, aka riƙa tura shi. Kuɗin da aka yi tsiminsu ta wannan hanya, a sa su a makirfo mai kyau da abincin ma'aikata.