Masu Ɗinke Hancin Yara

Kare in ya kai wa ƙaramin yaro cizo, a fuska yakan same shi, domin tsayinsu kusan ɗaya ne. Ina jinjina wa likitocin da ke karɓar irin wannan yaro, hanci a yage, uwa na kuka a bakin ƙofa. Sai an wanke ciwon tas, an yi rigakafin haukan kare, sannan su duƙufa da zare siriri kamar gashi. In guringuntsi ya tafi, daga kunne suke yankowa. In fata ce, su juyo ta goshi, su bar ta manne da jijiyarta wajen mako 3 kafin su raba. Yaro ya shaƙi iska sosai, ya koma makaranta ba mai tsokanarsa.